Ranar da Na Ɗaura Jan Ƙyalle a Kan Mita

Ban taɓa mantawa da ranar da ƙafata ta leƙo falon mutane ta cikin silin ba, kuma ko na so in manta, shugaban aikinmu Shef Garba ba zai bari ba. Sababbin ma'aikata suna yawan tambayata abin da ya sa nake bin maƙwabta da gaisuwa kafin in taɓa ko da ƙwan fitila. Na ga gara in rubuta labarin sau ɗaya yadda ya faru, ko dai yadda nake zaton ya faru, domin akwai 'yan daƙiƙu a tsakiyarsa da ba zan iya rantsuwa a kansu ba.

A lokacin watana shida da kama aiki a ɗan kamfaninmu, bayan na gama karatun lantarki. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, takardar makaranta ba ta ba mutum ikon taɓa waya shi kaɗai. Akwai wani kati da shugaban aiki ke sa wa hannu, muna ce masa abilitasiyon, wato shaidar cewa an yarda ka yi aikin wuta ba tare da wani ya tsaya a kanka ba. Wanda ba shi da katin nan mai riƙe tsani ne, komai tsawon karatunsa. Ni kuwa wata shida cur ina riƙe tsani, alhali mahaifiyata ta gama shaida wa duk unguwarmu ta New Bell a birnin Douala cewa ɗanta injiniya ne. Wata rana ma ƙawarta ta gan ni a unguwar Yassa rungume da ƙafar tsani, ta dawo ta yi mata jaje.

Mai sa hannu a katin shi ne Shef Garba, haifaffen New Bell, wanda ya fara jan waya tun ba a haife ni ba. Malam Wataƙila yake kirana, don wai bai taɓa jin na amsa tambaya da "i" ko "a'a" ba.

"Wataƙila, wayar nan da wuta ko babu?"

"To, Shef, bisa ga alamu dai babu, amma..."

"Da wannan amma ɗin za mu binne ka."

Wata Laraba cikin watan Maris, lokacin da zafi ke dafa mutum tun kafin hantsi, ya kira ni ya ce akwai aiki a gidan wani Alhaji Ummaru, mai sayar da atamfa, a nan New Bell. Fitilun falo suna ƙiftawa, ana kuma jin ƙaurin roba daga silin. Shi Shef ya leƙa jiya, ya ga akwatin haɗin wayoyi ne ya ƙone a sama, sai an sake shi.

"Ni zan haye wani aikin a unguwar Grand Hangar," in ji shi. "Bayan azahar zan biyo. In na tarar da aiki tsaf, kai kuma da ranka, zan sa maka hannu."

Na ce, "Ni kaɗai, Shef?"

"A'a, da mahaifiyarka."

Na hau benskin, wato babur ɗin haya, da jakar kayan aiki, kwalkwali a kaina, takalmin aiki mai hancin ƙarfe a ƙafata, safar hannu ta roba a aljihu. Gidan yana cikin wani matsattsen lungu, wayoyi sun sarƙe a samansa har ba a ganin sararin sama sai ta tsakaninsu. Alhaji yana kasuwa, matarsa tana ofis, yara suna makaranta. Mahaifiyarsa kaɗai na tarar, Hajiya Kaka, zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dube ni tun daga kwalkwali har takalmi.

"Yaƙi aka fara ba a gaya mana ba?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ne mai gyaran wuta.

"Kai? Ina tsohon na jiya? To shigo, maigidana. Amma ka sani ni ba na auren soja."

Don kada a ce ban tambayi komai ba, na yi tambaya ɗaya, wadda ke rubuce a takardar bincikenmu. Na ce, "Hajiya, akwai janareta a gidan nan?" Ta ce babu, ɗanta ba ya son hayaƙi. Gaskiya ta faɗa. Na sa alama a takarda, na wuce.

A nan sai na ɗan yi bayani. Kafin ma'aikaci ya taɓa waya, matakai biyar aka koya mana. Na ɗaya, ka yanke wuta daga dijonta, wato babban makunnin da ke kusa da mita. Na biyu, ka sa masa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka, ka rataya katin gargaɗi. Na uku, ka tabbatar wayar da za ka taɓa ita ce wadda ka yanke. Na huɗu, ka gwada ta da na'urar gwaji ka ga babu wuta. Na biyar, ka haɗe wayoyin da juna ka kai su ƙasa, ta yadda ko wuta ta dawo, ƙasa za ta bi ba jikinka ba. A ƙananan ayyukan gida akan bar na biyar ɗin, sai fa idan akwai yiwuwar wuta ta shigo ta wata hanya. Na tsaya na yi tunani a kansa sosai. Mita ɗaya, ba janareta. Na bar shi.

Mitar gidan tana jikin bango ta waje, tana kallon lungu. Na sauke dijonta, na sa kwaɗo, na rataya katina. Sai na ja da baya na dubi katin, na ga bai fi tafin hannu ba. Idan mai raunin ido ya zo fa? Idan iska ta juya shi? Idan wanda bai iya Faransanci ba ne? Ina cikin wannan damuwa sai idona ya kai bayan ƙyauren gidan, na ga wani jan ƙyalle rataye a ƙusa, tsohon ɗankwali ne, ja jawur. Na ce Allah ya kawo. Na ɗauko na ɗaure shi a kan akwatin mita, na baza shi sosai yadda ko daga bakin titi za a hango. Har hoto na ɗauka a wayata don in nuna wa Shef irin tsantsenina.

Na gwada soket ɗin falo, babu wuta. Na gwada na'urar a kan batirinta don in tabbatar ita kanta tana aiki, na sake gwada soket ɗin. Sannan na kafa tsani na shige silin.

Wanda bai taɓa shiga tsakanin silin da kwano a Douala da rana tsaka ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Rarrafe ake yi a kan katako, domin allon silin ɗin siriri ne, ko mage ya yi ƙiba sai ya ɓurma. Na isa akwatin, na buɗe, na gwada wayoyin karo na uku. Shiru. Na fara aiki da safar hannu, amma gumi ya cika ta har tana ƙugi in na motsa yatsa, ƙananan kusoshin kuma sai suɓuce mini suke yi. Na yi shawara da kaina na kusan minti biyar, na cire ta.

Na kwance tsohon haɗin, na yanke inda ya ƙone, na fere bakin wayoyin. Ina cikin haka sai na ji wani gurnani a ƙasa, irin na firji idan ya tashi. Na kasa kunne. Sai na ji muryar Hajiya Kaka tana cewa, "Madalla! Ashe sojan nan ya iya aiki."

Ku da kuka san ni, kun san ko ƙofar ɗakina sai na koma sau biyu na duba ko na kulle. Amma a ranar na shafa aljihuna, na ji makullin kwaɗo yana nan, na ce wa kaina firjin maƙwabta ne. Ba wataƙila, ba amma. A iya sanina wannan ne karo na farko da na tabbatar da wani abu ɗari bisa ɗari, sai na miƙa hannu na kama jar waya.

Abin da zan iya cewa shi ne, kamar an ɗauko dukan haƙorana an zuba a gwangwani ana girgizawa. Hannuna ya ƙanƙame, na yi wata ƙara da daga baya aka ce mini an ɗauka akuya ce mota ta take. Jikina ya yi baya, gwiwata ta zame daga kan katako, ƙafar dama ta ɓurma silin har cinya. Wannan faɗuwa ita ta fizge hannuna daga wayar, kuma ina kyautata zaton ita ta cece ni.

Sai dai Hajiya Kaka, da ta ga wuta ta dawo, ta riga ta kunna fankar silin. Ƙafata kuwa dab da fankar ta fito. Ina sama cikin duhu ina jin fukafukanta suna dukan hancin takalmina, kwas, kwas, kwas.

"Innalillahi! Kuran ya kama shi!"

Kuran dai shi ne wutar lantarki a bakin mutanenmu na nan. Hajiya ta taɓa ji a rediyo cewa wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, da busasshen ice ake raba su. Wannan daidai ne, ina ma koyar da shi. Abin da rediyon bai bayyana mata ba shi ne yadda ake amfani da icen. Ta ɗauko taɓarya.

Duka na farko a idon sawu ya same ni.

"Hajiya, na saki! Wallahi na saki!"

"Yi haƙuri, maigidana, ba kai ke magana ba, kuran ne!"

Ta ƙara mini biyu a ƙwauri. Na yi ƙoƙarin janye ƙafar, allon ya riƙe wandona. Na koma roƙonta da Faransanci, wannan kuwa ya ƙara tabbatar mata cewa ba ni ba ne.

Ana cikin haka na ji wata murya daga ƙofa, cike da fara'a: "Hajja, kuran ya iso? Na je kasuwa ne, sai yanzu na ga ƙyalle." Muryar ta tsaya. Sai kuma, "Yesu! Ƙafar wa ke nan?"

Mami Odil ke nan, maƙwabciyarsu ta tsallaken lungu, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi. Ba Bahausa ba ce, amma a unguwar ta tsufa, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta fara gane abin da ya faru. Ta ruga gidanta da gudu, sai na ji fanka ta lafa, firji ya yi shiru. Sannan su biyu suka kama takalmina suka tura sama, na lallaɓa na sauko ta tsani, rabin wandona yana can.

A tsakar gida, ina zaune a kan tabarma, suka yi mini bayani, suna katse juna. Ashe lungun nan iyaka ne. Gidajen hagu layinsu daban, na dama daban, kuma sau da yawa in an ɗauke wa wani ɓangare wuta, ɗayan yana da ita. Tun marigayi mijin Hajiya da marigayi mijin Mami suna raye suka ja waya daga wannan gida zuwa wancan, ta bi cikin sarƙaƙiyar da ke sama ta shige silin. Ƙa'idarsu kuwa a tsare take. Gidan da aka ɗauke wa wuta zai sauke dijontarsa, sannan ya ɗaura jan ƙyalle a kan mita. In na tsallake ya hango ƙyalle, ya san an shirya, sai ya tura makunni. Ba kira, ba aike. Mami ma tana da nata ƙyallen a bayan ƙofa.

"Kuma yau an baza shi da kyau," in ji Mami. "Na ce lallai Hajja zafi ya dame ta."

Hajiya ta juyo kaina. "Wa ya aike ka ka taɓa mini ƙyalle?"

Na ce don tsaro na ɗaura.

"Tsaron wa?"

Mami ta kama hannuna ta duba yatsu biyun da suka ƙone, tana ta "Ashiya, ɗana, ashiya," wato sannu. Sai suka shiga jinya. Mami ta ce madara ke wanke kuran daga jini, ta kawo gwangwani biyu. Hajiya ta ce a'a, ƙasa ke tsotse shi, ta sa na cire takalmi na nutsa ƙafafuna cikin wani bokitin yashi da magina suka bari. Na yi ƙoƙarin in bayyana musu cewa a ilimance wuta ba ta zama a jiki, amma wanda aka zaro daga silin ba ya koyar da ilimi. Na sha madara.

Haka Shef Garba ya tarar da ni bayan azahar: kwalkwali a kai, ƙafafu a bokiti, gwangwani a hannu, wando ƙafa ɗaya. Ya tsaya. Ya leƙa falo ya ga ramin silin. Ya fita ya ga kwaɗo da kati da ƙyalle. Ya dawo ya tsuguna a gabana, bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ta hannu ta shiga?"

"Ina jin haka, Shef."

"Ka suma?"

"Ba na zato. Wataƙila kaɗan."

"Tashi, asibiti."

Hajiya ta ce ai an riga an yi magani. Ya ce, "Inna, Allah ya saka da alheri, amma wuta takan taɓa zuciya ta yi shiru, sai an jima ta kayar da mutum. Sai likita ya duba." Wannan ku riƙe shi da kyau, ko da kun ji garau. A asibiti aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ce zuciyata lafiya, aka ɗaure yatsuna. Likitar ta fi daɗewa a kan ƙafata. Ta tambaye ni ko daga bene na faɗo. Na ce taɓarya ce. Ta rubuta wani abu, ba ta ƙara tambaya ba.

A hanyar dawowa Shef ya sa na lissafa masa matakan. Na lissafa, na ce huɗu na yi, na biyar na bari domin mita ɗaya ce, ba janareta.

"Wa ya ce maka hanya ɗaya wuta ke shiga gidan?"

"Ba wanda ya ce."

"Wa ka tambaya?"

Na ce Hajiya kaɗai, ita ma kan janareta kawai. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce shi ma jiya bai tambaya ba, shi da aka haifa lungu uku daga gidan, kuma bai kamata ya bar ni ni kaɗai ba. Amma hannu dai ba zai sa ba. Ya ce in rubuta rahoto, in huta, ran Asabar in koma in ƙarasa aikin yana tsaye. Na rubuta shafi goma sha ɗaya. Ya karanta na farko, ya yi fifita da sauran.

Ran Asabar na isa tun da hantsi ina ɗingishi. Ban taɓa jakar kayan aiki ba. Na fara da gidan Mami Odil, na gaishe ta, na roƙe ta ta nuna mini makunnin, na sa masa kwaɗo na biyu. Na karɓi jan ƙyallen Hajiya na cusa a aljihuna. Sannan na zauna kusa da ita, Alhaji Ummaru yana gefe, Shef yana jingine da ƙofa yana duba agogo.

Na ce, "Hajiya, ban da mita, ban da Mami, akwai wata hanya da wuta ke shigowa gidan nan? Ko wacce iri, ko sau ɗaya a shekara?"

Alhaji ya ce, "Babu. Shi ke nan."

Hajiya ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Sai dai ta Buba tela."

Alhaji ya juyo. "Wane Buba, Inna?"

"Na bayanmu mana. In an ɗauke ta ko'ina, yakan tayar da injinsa ya ɗan sammana, saboda maganina da ke firji. Kai kana kasuwa, ina za ka sani?"

"Shi kuma mece ce alamarsa?" in ji Shef, wanda ya daina duba agogo.

"Shi ba ya bukatar alama. Yaron kirki ne. Da ya ji gidan ya yi shiru sai ya tura."

Muka zagaya baya. Ga waya nan siririya ta fito daga shagon tela, ta bi ta tagar kicin. Shef ya daɗe yana kallonta. Ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda ba zan rubuta ba. Na sa kwaɗo na uku, wanda sai da na aro a wurin telan, na yi matakai biyar cif, na hau da safar hannu, na bar gumi ya yi abin da ya ga dama. Muka sake akwatin, muka toshe ramin silin. Muka gaya wa Alhaji a rubuce cewa waɗannan wayoyi haɗari ne kuma sun saɓa ƙa'ida. Muka sa masa makunni mai zaɓi, wanda ba ya barin wuta ta shigo ta hanya biyu, kuma in an kulle shi an kulle duka. Ko sun cire wayoyin daga baya, ban ce i ba, ban ce a'a ba.

A kan murfin firjin Hajiya Shef ya sa hannu a katina. Da zai miƙo mini ya ce, "Ba don akwatin ba. Don telan."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni. Kwaɗo yana tsare makunnin da ka sani ne kawai. Zanen wayoyin gida a unguwanninmu ba a takarda yake ba, yana kan tsofaffi da maƙwabta, kuma ba mugunta ce ta kusa kashe ni ba, kirki ne. Mutanen nan ba sa iya ganin gidan maƙwabci cikin duhu su zauna. Don haka ku yi na biyar ko da kuna ganin ba a bukata, ku bar safar hannu a hannu, in kuma firji ya yi gurnani, ku sauko ku duba ko na wane ne.

Littafi ya ce matakai biyar ne. Ni shida nake koyarwa, kuma na farkon ba daga makaranta na samo shi ba. Ranar da muka gama, Mami Odil ta kawo mini zoɓo mai sanyi, ta dubi yatsuna da ke ɗaure, ta girgiza kai.

"Ɗana, ranar nan ta gabana ka wuce da hular ƙarfenka, ina zaune a ƙofa ina shirin kasuwa. Da ka ce mini ina kwana, ai da na tambaye ka me ka zo yi."